Da Lasifika Ta Yi Shiru

Duk wanda ya taɓa hawa bas a tsohuwar tashar da ke bayan kasuwa, ko bai ga matar nan ba, ya ji muryarta. Ita ce take zama a tagar tikiti, ita ce kuma take sanar da motar da za ta tashi. An ba ta lasifika don wannan aikin, amma na'urar ta fi daɗewa a lalace fiye da a gyare, sai kawai ta leƙo da kai ta taga ta buɗe maƙogwaro. Direbobi suka ce ai wahalar banza mai gyara yake sha, suka cire sunan daga kan na'urar suka liƙa mata. Tun tana harararsu har ta fara amsawa.

Shagon Mai Aski yana kallon tagar, titi ne kawai a tsakani. Ɗan shago ne, kujeru biyu masu juyawa, da benci, da madubi mai tsagewa a kusurwa. A lokacin yana saurayi, siriri, marar magana. Zai yi maka aski tun daga goshi har ƙeya bai ce maka komai ba sai "sunkuya" da "ɗago". A cikin madubin nan yake hango tagarta a bayansa, kuma ya daɗe yana hangowa kafin wata rana ya ajiye almakashi, ya tsallaka titi, ya shiga layi. Da ya iso gabanta ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ina za ka?"

Ya tsaya yana kallonta.

"Malam, akwai mutane a bayanka. Ina za ka?"

"Babu ko'ina."

Sai a nan ta dube shi. "To, motar can ba ta tashi sai an tashi daga aiki. Ka dawo."

Ya dawo kuwa. Suka yi aure, suka fara da ɗaki ɗaya a bene, daga baya suka samu ɗan gida mai tsakar gida da bishiyar lemo. Allah ya ba su 'ya'ya biyu: Babban, wanda aikin wutar lantarki ya kai shi wani gari mai nisa, da Auta, wadda take koyarwa a firamare, ta kuma yi aure a unguwar da ke maƙwabtaka da su. A gidan nan Lasifika ce take magana a madadin kowa. In ta dawo daga aiki, kafin ta cire takalmi ta fara labari, tana kwaikwayon muryoyi: mutumin da ya nace sai an ba akuyarsa kujerar gefen taga, da direban da ya manta matarsa a tasha sai da ya yi nisa ya tuna. Mai Aski yana zaune yana goge askarsa, yana murmushi. Mutane sukan tambaye shi ko kansa ba ya ciwo. Yakan ce, "Ai ni ba na buƙatar rediyo."

Da aka mayar da tasha bayan gari, aka sa allon lantarki mai nuna lokacin tashin motoci, ita ma ta yi ritaya. Ba ta damu ba. Ta cika tsakar gida da shuke-shuke a cikin gwangwanaye, ta zama ita ce mai sasanta maƙwabta, wani lokacin ma bayan ita ce ta haɗa su.

Mantuwar ta shigo ne a hankali, har ba wanda zai ce ga ranar da ta fara. An tsinci butar shayi a cikin kwabar tufafi. Ta tambayi Auta ko ta ci abinci, ta sake tambaya, ta kuma sakewa kafin Auta ta ajiye jaka. Wata rana ta fita sayen sabulu, sai mai wanki na kan kwana ya rako ta gida, ya ce ya same ta tana tsaye tana duban hanya kamar baƙuwa. A asibiti aka yi gwaje-gwaje, aka ce cutar mantuwa ce, irin wadda take cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, ba ta warkewa, sai dai a lallaɓa.

Abin da ya ba Mai Aski mamaki shi ne yadda ita ta ɗauki abin. In ta rasa sunan cokali sai ta ce, "Miƙo min ɗan'uwan mai yatsun nan, marar yatsun." In ta kira Auta da "Yaya", tana zaton yayarta ce da ta daɗe da rasuwa, Auta ta ce, "Umma, ni ce fa," sai ta ce, "To wa ya ce ba ke ba ce?" a yi dariya a wuce. Ya sa wa ƙofar waje sakata a sama, ya koyi dafa shinkafa ba ta caɓe ba, ya rage lokacin shago. Suna zaune lafiya da abinsu, su uku: shi, da ita, da mantuwar.

Daga baya ne wani abu dabam ya zo. Ta daina fitowa tsakar gida. Shukokinta suka yi yaushi, ya nuna mata, ta kawar da kai. Abinci yakan dawo yadda aka kai shi. Zanenta ya fara yi mata yawa. Takan wuni a kwance tana fuskantar bango, in ya taɓa kafaɗarta sai ya ji tana kuka marar sauti. Ranar da ya matsa mata ta tashi ta yi wanka, ta ce, "Ka bar ni. Na zama kaya a gidan nan." Daga wannan ba ta ƙara cewa komai ba har rana ta faɗi. Gidan ya yi tsit, har yana jin ƙarar firij daga ɗaki, abin da bai taɓa sanin yana da ƙara ba.

Maƙwabta suka ce ai haka ciwon yake, sai haƙuri. Babban ya bugo waya ya ce shi ma ya karanta, in cutar ta yi nisa mutum yakan daina magana. Mai Aski ya karɓi wannan, ya haɗiye. Auta ce ta ƙi. Ta ce, "Baba, ba sai mun jira ranar da aka ba mu ba. Gobe mu koma asibiti."

Likitar mace ce, mai matsakaicin shekaru, da tabarau a rataye a wuya. Ta jawo kujerarta kusa da Lasifika ta gaishe ta, ta jira amsa, ba ta samu ba, ba ta kuma nuna gajiya ba. Sannan ta juyo.

"Baba, yaushe rabon da ka ji ta yi dariya?"

Ya yi tunani, ya kasa tunawa.

"Akwai abin da take jin daɗinsa yanzu? Ko shayi, ko jikoki?"

"Babu, Likita. Mantuwar nan mun saba da ita. Ta sha manta sunana tana dariya. Amma wannan shirun ban san shi ba."

Likita ta ce mai yiwuwa ciwo biyu ne suka haɗu. Mai cutar mantuwa yana iya kamuwa da ciwon damuwa kamar kowa, sai dai shi ba ya iya faɗin abin da ke cin sa, mutane kuma sai su ɗora komai a kan mantuwar. Amma ta ce kafin a yi maganar magani sai an duba ko wani wuri ne yake mata zafi. Aka gwada jini da fitsari, aka leƙa kunne da baki. Aka samu haƙori ɗaya ya ruɓe, aka cire. Ta ce su gwada fito da ita hasken safe, da ɗan tattaki, da zama cikin mutanen da ta saba da su.

Sun gwada. Bayan cire haƙorin ta ɗan fara kurɓar ruwan shayi, amma iyakarta ke nan. In ya fito da ita ƙarƙashin lemo sai ta sunkuyar da kai har ya gaji ya mayar da ita. Ƙawayenta suka zo, ta juya musu baya.

Da suka koma, Likita ta ce lokaci ya yi da za a gwada maganin damuwa. Mai Aski ya gyara zama. Ya taɓa ganin wani tsoho a layinsu da aka riƙa ba shi wani magani, ya koma kamar gunki, yawu yana zuba.

"Ba irin wanda zai sandarar min da ita ba ne?"

"Ba shi ba ne, Baba. Amma bari in gaya maka gaskiya tun yanzu. Ba zai dawo mata da tunani ba, ko kaɗan. Kuma a masu mantuwa ba shi da tabbas, wasu ya yi musu aiki, wasu bai yi ba. Yana iya kawo jiri ko tashin zuciya, jiri kuma ga tsoho faɗuwa ce. Za mu fara da ɗan kaɗan, mu sa ido. Yana ɗaukar makonni kafin a ga wani abu. In bai karɓe ta ba, ku dawo, ni zan janye shi, kada ku yi da kanku."

Babban bai so ba. Ya ce a waya, "Baba, mace tana fama da kanta, a ƙara mata da ƙwaya?" Mai Aski ya karɓi wayar daga hannun Auta, ya fita tsakar gida. Ya gaya wa ɗansa yadda zoben uwarsa ya zame daga yatsa ya faɗa cikin bokiti. Ya gaya masa abin da ta ce game da zama kaya. Ya ce shi bai san ko maganin zai yi ba, Likita ma ta ce ba ta sani ba, amma zama a zuba ido shi ma zaɓi ne, kuma ya ga inda yake kaiwa. Can Babban ya ce, "To, Baba. Allah ya sa a dace." Da ya dawo ciki Auta ta ce, "Baba, tunda aka haife ni ban taɓa jin ka yi doguwar magana haka ba."

"Ai da akwai mai yi min," in ji shi.

Ba da maganin ma aiki ne. Ranar farko ta datse baki. Ya lallashe ta, ta ture hannunsa, ruwa ya zube a katifa. Washegari sai ya zo da kofi biyu, ya zauna a bakin gado, ya fito da nasa maganin hawan jinin, ya ɗora a tafin hannu kusa da nata.

"Ni ma an ba ni nawa."

Ta dube shi ta wutsiyar ido. "Kai me ya same ka?"

"Tsufa."

"Allah ya sawwaƙe," ta ce a hankali. Ya haɗiye nasa, ta haɗiye nata. Haka suka riƙa yi.

Maganin farko bai karɓe ta ba. Zuciyarta ta riƙa tashi, ɗan abin da take ci ma ya ragu. Wata safiya a ƙofar banɗaki ƙafafunta suka saki, ya taro ta da ƙyar, suka zube tare a jikin bango. Ita ba ta ji ciwo ba, shi ne wuyan hannunsa ya kumbura, ya kwana biyu ba ya iya riƙe almakashi. A ranar suka koma asibiti. Gwaji ya nuna gishirin jininta ya yi ƙasa, Likita ta ce maganin ne ya jawo, ta janye shi. Da jikin ya daidaita ta ce akwai wani iri, da yamma ake shan sa, yana iya sa barci da yunwa. Ta tambaye shi ko yana so a sake gwadawa, ta ce in ya ce a'a ba ta ga laifinsa ba. Ya dubi matarsa, wadda take zaune tana kallon ƙafafunta. Ya ce a gwada. Kafin su fara, ya kira kafintan layinsu ya kafa mariƙi a banɗaki da bakin gado, ya naɗe shimfiɗar falo da take tuntuɓe da ita.

Makonni suka wuce ba wani labari, sai dai tana samun barci. Har ya fara shirya yadda zai gaya wa Babban cewa shi ne da gaskiya. Sai wata safiya ya kai mata shayi, ya juya zai fita, ya ji murya a bayansa.

"Wa ya haɗa shayin nan?"

Ya tsaya cak. "Ni ne."

"Kai ka taɓa ganin sukari a rayuwarka?"

Ya karɓi kofin ya tafi kicin. Ya daɗe a tsaye da gwangwanin sukari a hannu, sai da ya goge ido da hannun riga kafin ya iya ganin cokali.

Ba a rana ɗaya ta dawo ba. Yau ta cinye rabin burodi, gobe ta koma fuskantar bango, jibi ta tambayi wanda ya kashe mata shuke-shuke, ta ce ko wane ne Allah zai saka mata. Ta yarda Auta ta wanke mata kai. Ta ce wa Mai Aski rigarsa ta yi kama da tsumman goge mota. Bai taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Da ƙafarta ta yi ƙwari sai ya fara tafiya da ita shago da hantsi, suna takawa a hankali, hannunta a cikin gwiwar hannunsa. Inda tasha take da, yanzu masu sayar da siminti da kwanon rufi ne, tagar tikitin ma an toshe ta da bulo. Ba ta ko kalli wajen ba. Ya ajiye mata kujera mai hannu kusa da ƙofa, ya tara mata tawul-tawul a cinya. Takan ninke su tsaf, ta warware, ta sake ninkewa. Wata rana benci ya cika, mutane suna gardamar wanda ya riga wani zuwa, sai ta ɗaga kai ta buɗe maƙogwaro: "Mai gemu, kujera ta biyu! Mai sanƙo, ka jira ta gaba, kai ai ba ka da kaya da yawa!" Shagon ya kwashe da dariya, har mai sanƙon. Daga ranar aikin ya zama nata. Tsofaffin direbobi suka ji labari, suka riƙa zuwa aski ko gashinsu bai taru ba. Ba ta gane ko ɗaya daga cikinsu, amma ba wanda yake fita bai sha tsiya ba.

Mantuwar kam tana nan tana tafiyarta. Yanzu sai an taya ta sa riga. Auta ta zama "Yaya" gaba ɗaya, Autar ma ta daina gyara mata. Akwai ranakun da take kiran mijinta "Malam", cikin ladabi, kamar wanda ya zo gyaran famfo. Akwai kuma ranakun da kukan yake dawowa, sai ya rufe shago su zauna a gida, ya yanke mata farce, ya bar ta ta yi shirunta. Amma shirun yanzu yana da ƙarshe. Babban ya zo hutu, ta karɓe shi hannu bibbiyu a matsayin baƙo, ta ce masa yana kama da wani ɗanta, sai dai ɗan nata ya fi shi kyau. Ya yi dariya har da hawaye, bai ƙara tayar da maganar ƙwaya ba.

A wani zuwa asibiti Mai Aski ya tambayi Likita, "Wai maganin ne ya yi, ko shagon?"

"Ban sani ba, Baba. Wataƙila maganin ne ya tashe ta daga gado, shagon ya riƙe ta. Wataƙila kuma da ma lokacin wucewar damuwar ne ya yi. Za mu ci gaba zuwa wasu watanni, sannan mu zauna mu ga ko za a rage." Ta ɗora Lasifika a sikeli, ta duba, ta ce, "Mama, kin yi ƙiba fa."

"Ke ma," in ji Lasifika.

Wani mai sayar da siminti ya taɓa jan Mai Aski gefe, ya ce mahaifiyarsa ma ta yi shiru haka, ko zai faɗa masa sunan maganin ya saya. Mai Aski ya ce ba zai faɗa ba. Ya nuna masa wuyan hannunsa, ya ba shi labarin ƙofar banɗaki, ya ce ya kai ta a duba ta tukuna, don wataƙila ma haƙori ne.

Yunwar da Likita ta faɗa kuwa ta zo da ƙarfinta. Kwanakin baya Auta ta kawo musu shinkafa da kifi, ta zuba kwano biyu ta rufe, ta tafi. Mai Aski ya ajiye wa matarsa nata, ya fita tsakar gida ya kwashe shanya don hadari ya haɗu. Da ya dawo ya tarar da kwanonin biyu a wanke tas kamar an lashe, ƙayar kifi a jere a gefen faranti, ita kuma tana zaune ta harɗe hannu, fuska a ɗaure.

"Lafiya?" ya ce.

"Ina fa lafiya. Wane irin gida ne wannan? Tun safe mutum yana zaune, ko loma ba a ba shi ba."

Ya dubi kwanonin, ya dubi man da ke ƙyalli a leɓenta.

"Gaskiya ba a kyauta miki ba," ya ce. "Bari in soya ƙwai."

"Biyu," ta ce. "Kai ma ka soya wa kanka ɗaya, na ga kamar kana jin yunwa."

Ya shiga kicin ya kunna wuta. Ruwan sama ya fara sauka a kan kwanon rufi, tana daga falo tana ba shi umarni kada ya cika gishiri.